Falenofsis: Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Gabatarwa

Tun a firamare ake koya wa yaro cewa tsiro yana buƙatar ƙasa da ruwa da iska da hasken rana kafin ya rayu. Wannan magana gaskiya ce game da gero da dawa da gyaɗa da mafi yawan abin da ake shukawa. Amma a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama akwai dubban tsirrai waɗanda tun daga tsirowarsu har mutuwarsu saiwarsu ba ta shiga ƙasa. A kan rassan itatuwa suke zaune, suna shan ruwan sama da raɓa. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani fure na dangin okid mai suna falenofsis, wanda a yau yana cikin furannin tukunya da aka fi sayarwa a duniya, ana ajiye shi a falo da ofis da otal domin ƙawa.

Sau da yawa wanda ya sayi wannan fure, ko aka ba shi kyauta, yakan yi masa abin da ya saba yi wa sauran shuke-shuke, wato ya dasa shi a ƙasa mai taki, ya riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Kafin wata biyu sai ganyen ya yanƙwane kamar mai jin ƙishirwa, mai shi ya ƙara ruwa, tsiron ya mutu. Kuɗi ya tafi, ga kuma tsiron da zai iya yin shekara goma ko fiye yana fure ya salwanta. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibai da malamansu cewa kowace ƙa'ida ta renon falenofsis daga ƙirar jikinsa da mazauninsa na asali ta samo tushe. Wanda ya san yadda yake rayuwa a kan itace zai iya gano ƙa'idojin renonsa da kansa.

Asalinsa da Sunansa

Dangin okid yana da jinsi kimanin 28,000. A cikin tsirrai masu fure, dangin da shuwaka da latas suke ciki ne kaɗai yake gogayya da shi wajen yawa. Ana samun okid a kowace nahiya ban da Antatika. Banila, wadda ake sa wa kek da alewa don ƙamshi, daga kwafson wani okid ake samunta. Afirka ma tana da nata, kamar Ansellia africana mai fure ɗige-ɗige irin na fatar damisa, wanda yakan zauna a kan itatuwa, da kuma jinsunan Eulophia da suke tsirowa a ƙasa cikin ciyayi.

Falenofsis gida ne guda a cikin wannan babban dangi, yana da jinsi kimanin 70. Mazauninsu ya faro daga Indiya, ya bi ta kudancin Sin da Taiwan da Tailan da Malesiya da Filifin da Indonesiya, har ya kai Sabuwar Gini da arewacin Ostareliya. Wani masanin tsirrai mai suna Carl Blume, wanda ya yi aiki a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya, shi ya raɗa wa gidan suna Phalaenopsis a shekarar 1825. Ya haɗa kalmomi biyu ne na Girkanci, ɗaya tana nufin faɗa-wuta, wato ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai yawon dare, ɗayar kuma tana nufin kama. Wanda ya dubi jerin furannin a kan sandarsu mai lanƙwasa zai ga dalili, domin sun yi kama da faɗa-wuta sun buɗe fikafikai. Jinsin da ake kira Phalaenopsis amabilis, mai farin fure, yana cikin furanni uku da Indonesiya ta ɗauka a matsayin furannin ƙasa, kuma mutanen can suna kiransa okid na farin wata.

Waɗanda ake sayarwa a kasuwa galibinsu haɗi ne, wato an yi barbara tsakanin jinsuna daban-daban tsawon shekaru har aka sami farare da rawaya da ruwan hoda da masu zane. Mafi yawan masu launin shuɗi da ake gani kuwa farare ne aka ɗura wa rini a sandar fure, don haka furen da za su sake yi fari zai fito.

Baƙo a Kan Itace

A ƙasar Hausa duk wanda aka ce masa tsiro a kan itace, kauci zai faɗo masa a rai. To, akwai bambanci babba tsakanin su biyun. Kauci, wanda ake gani a kan kaɗanya da ɗorawa da lemo, yana huda ɓawon reshe ne ya kai ga jijiyoyin itacen, ya riƙa zuƙar ruwa da gishirin ƙasa daga jikinsa, har reshen ya raunana ko ya bushe. Shi kuwa falenofsis wurin zama kawai yake nema. Saiwarsa tana manne wa ɓawo ta waje, ba ta hudawa, ba ta cin kome daga jikin itacen. Abincinsa shi yake haɗa wa kansa, ɗan takin da yake samu kuma daga ruɓaɓɓen ganye ne da kashin tsuntsaye da ƙurar da ruwan sama yake wankowa daga saman itace.

Zaman kan reshe yana da riba, domin an fi samun haske fiye da ƙasan daji mai duhu. Yana kuma da wahala, saboda reshe ba ya riƙe ruwa. In an yi ruwan sama sai tsiron ya jiƙe sharkaf, bayan 'yan sa'o'i iska ta busar da shi, sai kuma wani ruwan. Ke nan ko da yake a dajin ruwa yake zaune, rayuwarsa ta jiƙa da bushewa ce a kai a kai. Duk ƙirar jikinsa an yi ta ne daidai da wannan hali.

Saiwa Mai Soso

Saiwar falenofsis kauri gare ta, kusan kaurin ƙaramin fensir, mai launin azurfa, bakinta kuma kore ne idan tana girma. In aka yanka ta aka duba da madubin ƙara girma za a ga hawa uku. Na waje wani rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta masu rami, wanda masana suke kira belamen. Wannan rufi kamar soso yake: da ruwa ya taɓa shi sai ya tsotse cikin 'yan daƙiƙoƙi, ya riƙe shi tare da gishirin da ya narke a ciki, kafin sashen da yake da rai ya sha a hankali. Ƙarƙashinsa akwai wani shinge na ƙwayoyin halitta masu kauri wanda yake hana ruwa komawa waje, da 'yan ƙofofi nan da can inda ruwan yake shiga. Daga nan sai tsoka mai rai, mai ɗauke da kulorofil, wato sinadarin da yake sa ganye ya zama kore. Saboda haka saiwar ma tana taya ganye haɗa abinci idan haske ya same ta.

Wannan ƙira ta ba mai reno ma'auni wanda ba ya ƙarya. Idan belamen ya bushe, ramukansa iska ce a ciki, sai saiwar ta yi fari kamar azurfa. Idan ya jiƙe, ruwa ya cike ramukan, sai koren da yake ciki ya bayyana. Koriyar saiwa ba ta buƙatar ruwa. Farar saiwa ita ce mai ƙishirwa. Ruɓaɓɓiya kuwa takan yi ruwan ƙasa ko baƙi, ta yi laushi, in an ja ta sai rufin ya saɓule ya bar zare.

Abin da yake kashe saiwar a cikin ƙasa shi ne rashin iska. Kowace ƙwayar halitta mai rai tana buƙatar iskar oksijin domin ta ƙona abinci ta sami ƙarfi. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana toshe duk wata kafa, kuma tafiyar oksijin a cikin ruwa ta fi tafiyarsa a cikin iska jinkiri kimanin sau 10,000. Saiwar da ta saba da sarari sai ta shaƙe, ta mutu, ƙwayoyin fangas da bakteriya su far mata. Da saiwa ta mutu babu hanyar da ruwa zai kai ga ganye, don haka ganyen yake yanƙwanewa alhali tukunyar cike take da ruwa. A nan ne mai reno yake ruɗewa, ya ga alamar ƙishirwa ya ƙara abin da ya jawo cutar.

Ganye Mai Numfashin Dare

Falenofsis ba shi da reshe. Gajeren tushe ɗaya gare shi, mai girma ta sama kaɗai, ganye yana fitowa ɗaya dama ɗaya hagu, sabo ɗaya ko biyu a shekara. Ganyen yana da faɗi da kauri, a cikinsa ne tsiron yake ajiye ruwa.

Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, ta nan iskar kabon dayoksaid take shiga domin haɗa abinci, ta nan kuma ruwa yake fita a matsayin tururi. Mafi yawan tsirrai da rana suke buɗe ƙofofin, lokacin da zafi yake sa su yi hasarar ruwa mai yawa. Tsiron da saiwarsa take cikin ƙasa zai iya mayar da abin da ya rasa, amma na kan reshe ba shi da wannan gata. Saboda haka falenofsis ya juya al'amarin. Da dare, sa'ad da gari ya yi sanyi kuma iska ta yi laima, sai ya buɗe ƙofofinsa ya kwashi kabon dayoksaid, ya mayar da ita wani sinadari mai tsami da ake kira malik asid, ya tara a cikin ƙwayoyin ganye. Da gari ya waye sai ya rufe ƙofofin, ya warware sinadarin, iskar ta fito a cikin ganye, ya yi amfani da hasken rana ya mayar da ita sukari.

Abarba da alobera da kaktus duk wannan dabara suke yi. Tun farkon ƙarni na 19 wani likita mai suna Benjamin Heyne, wanda ya yi aiki a Indiya, ya lura cewa ganyen wani tsiro mai kauri yakan yi tsami ƙwarai da safe, tsamin ya gushe da yamma. An daɗe kafin a gane sirrin abin. Dabarar tana tanadin ruwa sosai, sai dai tana da nata tsada: iyakar abincin da tsiro zai haɗa da rana ita ce iyakar iskar da ya tara da dare. Shi ya sa falenofsis ba ya saurin girma, kuma ba a iya gaggauta shi da yawan ruwa ko taki.

Mazauni da Ban Ruwa

Abin da ake zuba wa falenofsis a tukunya aikinsa biyu ne, ya riƙe tsiron kada ya faɗi, ya kuma riƙe ɗan danshi ba tare da ya hana iska ba. Masu gonakin fure suna amfani da gutsattsarin ɓawon itace ko wata irin busasshiyar gansakuka. Inda babu waɗannan, gawayi da aka farfasa kamar girman goro, da ɓawon kwakwa da aka yayyanka, da tsingaro, suna wadatarwa. Ɓawon kwakwa yakan zo da gishiri, don haka a jiƙa shi kwanaki ana canja ruwan kafin a yi amfani da shi. Tukunyar ta zama ƙarama, daidai cin saiwar, mai huji da yawa a gindi. Ta roba mai nuna abin da yake ciki ta fi, domin za a riƙa ganin launin saiwa. Saiwoyin da suka tsallake baki suka miƙe a sarari lafiyarsu lau, kada a yanke su, kada a tura su ciki da ƙarfi.

Wajen ban ruwa, a kwaikwayi ruwan sama. Idan saiwa ta yi fari kuma tukunya ta yi sauƙi a hannu, a kwarara ruwa sosai har ya fita ta ƙasa, ko a tsoma tukunyar cikin kwano na minti goma zuwa sha biyar, sa'an nan a ɗaga a bar ta ta tsane sarai. Kada a bar ta zaune cikin faranti mai ruwa. A ɗaki mai matsakaicin zafi hakan yakan kama sau ɗaya a mako, amma lokacin iska mai bushewa yakan fi haka, da damina kuma ya gaza. Launin saiwa za a bi, domin shi ya fi kalanda sanin halin da tsiron yake ciki. Ruwan sama ya fi kowane ruwa dacewa, saboda na wasu rijiyoyi yana da gishiri wanda yake taruwa ya ƙone bakin saiwa.

Da safe ake ba da ruwa, kuma a kiyaye tsakiyar tsiron, inda sabon ganye yake fitowa. A daji falenofsis a karkace yake rataye, ganyensa yana kallon ƙasa, ruwa ba ya kwana a tsakiyarsa. A tukunya kuwa an tsayar da shi, tsakiyar ta zama ɗan kofi. In ruwa ya kwana a nan sai wurin ya ruɓe, kuma da yake ta nan kaɗai tsiron yake girma, ruɓewar takan zama ajalinsa. Idan ruwa ya shiga, a tsane shi da auduga ko takarda mai laushi.

Taki kaɗan yake so. A sami takin zamani mai narkewa a ruwa, a yi kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwali, a ba shi sau ɗaya a mako biyu lokacin da yake fitar da sabon ganye ko saiwa. Sau ɗaya a wata a wanke tukunyar da ruwa zalla. Bayan shekara ɗaya ko biyu ɓawon yakan ruɓe ya koma kamar ƙasa, sai a jira fure ya ƙare, a zazzage tsohon, a yanke matattun saiwoyi, a sa sabo.

Haske, Zafi da Fure

A daji ganyen itace yana tace wa falenofsis rana, don haka haske mai yawa yake so amma ban da rana tsaka. Kusa da tagar gabas, bayan labule mai shara-shara, ya dace. Ganye mai lafiya kore ne mai haske. In ya yi kore mai duhu ƙwarai, haske ya gaza, kuma da wuya tsiron ya yi fure. In ya koma rawaya, ko ya yi tabo fari wanda daga baya yake baƙi, rana ta ƙone shi, kuma tabon ba ya warkewa. Ganyen da aka taɓa aka ji ya yi zafi yana neman inuwa.

Tambayar da masu reno suka fi yi ita ce, me ya sa tsiro mai lafiya ya ƙi sake yin fure? Amsar galibi tana ga zafi. Muddin zafin rana yana kai digiri 28 a ma'aunin Salshiyos ko fiye, falenofsis ganye kawai zai riƙa yi. Sai zafin ya sauko ƙasa da kimanin digiri 26 na tsawon mako huɗu zuwa shida kafin sandar fure ta ɓullo daga gindin ganye. A shekarar 2006 masu bincike biyu na Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka, Matthew Blanchard da Erik Runkle, suka nuna cewa zafin rana ne yake yanke wannan hukunci fiye da sanyin dare. Da wannan ilmi manyan gonakin fure na Taiwan da Holan suke aiki: su reni tsirrai a ɗaki mai zafi har su ƙosa, sa'an nan su mayar da su ɗaki mai sanyi, ta yadda za su sami fure a duk watan da kasuwa take so. Daga ɓullowar sanda zuwa buɗewar fure akan ɗauki kimanin wata uku, furen kuma yakan yi wata biyu zuwa uku bai zube ba.

Wannan ya nuna cewa renon falenofsis a ƙasar Hausa sai da lura. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram zafin bazara yakan kai digiri 40, wanda ya wuce abin da tsiron yake jurewa, sai a ɗaki mafi sanyi a gida. Hunturu yana kawo sanyin da fure yake so, amma yana zuwa da bushewar iska wadda take sa ƙullin fure ya bushe ya faɗi tun bai buɗe ba, da ƙura mai rufe ganye. Sanyin dare da ya sauka ƙasa da digiri 12 ma yana yi masa lahani, don haka ba a barinsa ya kwana a waje. Abin da zai taimaka shi ne a tara tsirrai wuri ɗaya, a ajiye su kusa da randa ko a kan faranti mai tsakuwa da ruwa ba tare da gindin tukunya ya taɓa ruwan ba, a riƙa goge ganye da jiƙaƙƙen ƙyalle, a kuma kauce wa bakin na'urar sanyaya ɗaki. Wurare masu tudu kamar Jos, wadda take kimanin mita 1,200 sama da teku, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma wani abokin gaba da ba a gani, wato iskar etilin. Ayaba da mangwaro da tumatir suna fitar da ita idan suna nuna, hayaƙin risho da na janareta da na taba ma suna ɗauke da ita. Ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya sa fure ya yanƙwane cikin kwana biyu ko uku. Saboda haka ba a ajiye kwandon 'ya'yan itace kusa da falenofsis.

Idan fure ya ƙare kuma sandar tana nan koriya, ana iya yanke ta sama kaɗan da gaɓa ta biyu ko ta uku daga ƙasa, wani lokaci ta yi reshe ta sake fure. In tsiron ƙarami ne ko ya gaji, gara a yanke ta daga gindi ya huta. A riƙa ƙona bakin reza ko almakashi da wuta kafin a taɓa wani tsiron, domin cututtukan bairas ta ruwan jikin tsiro suke yaɗuwa kuma ba su da magani. Fararen ƙwari masu kama da auduga da suke ɓuya a gindin ganye kuwa, a goge su da auduga da aka tsoma a sifirit ko ruwan sabulu.

Iri Kamar Ƙura

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa ba a sayar da irin falenofsis a shuka kamar na tumatir? Ƙwayar gero tana ɗauke da guzurin da ɗan tsiro zai ci kafin ya yi ganye. Irin okid ba shi da guzuri ko kaɗan. Ƙanƙane ne kamar ƙura, kwafso ɗaya yakan ƙunshi dubban ɗaruruwa, iska ce take kwasarsu ta kai kan rassa. Wanda ya faɗa inda wani fangas na musamman yake shi kaɗai zai tsira, domin fangas ɗin ne yake shiga jikinsa ya ciyar da shi. Wani Bafaranshe mai suna Noël Bernard ne ya gano wannan zumunci a 1899. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Kwanel ta Amurka ya nuna cewa iri zai tsira ba tare da fangas ba in aka shuka shi a kwalba mai tsabta a kan wani abinci mai sukari da gishirin ƙasa. Daga 1960, bayan aikin Georges Morel a Faransa, aka fara ɗaukar ɗan yanki na jikin okid a hayayyafa shi a kwalba ya zama dubbai masu kama ɗaya. Waɗannan bincike su suka mayar da furen da a da sai attajirai ya zama na kowa.

A gida, hanyar samun ƙari ita ce ɗan tsiron da wani lokaci yake fitowa a gaɓar sandar fure. A bar shi sai ya yi ganye biyu ko uku da saiwoyi masu tsawon kimanin santimita biyar, sa'an nan a raba shi da uwar. Ɗebo okid daga daji kuwa ya rage jinsuna da dama ƙwarai, shi ya sa yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ta shiga, ta sa ido a kan cinikin okid na daji tsakanin ƙasashe.

Ayyuka Domin Aji

Gani ya kori ji. Ko makarantar da ba ta da falenofsis za ta iya gwada abin da aka bayyana.

Na ɗaya, a huda gindin gwangwani biyu, a cika ɗaya da ƙasar lambu, ɗaya da gawayi da ɓawon kwakwa. A zuba wa kowanne kofi ɗaya na ruwa, a auna abin da ya fita da lokacin da ya ɗauka, sa'an nan a riƙa auna nauyinsu kullum har mako guda. Ɗalibai su zana sakamakon a jadawali.

Na biyu, a yanki ganyen alobera ko na abarba daga tsiro mai rai da yake samun rana, sau ɗaya da asuba, sau ɗaya da la'asar. A daka nauyi ɗaya na kowanne a cikin ruwa daidai wa daida, a gwada da takardar auna tsami. Ba a ɗanɗanawa da baki.

Na uku, a nemi reshe mai kauci, malami ya tsaga mahaɗin, ɗalibai su zana yadda kaucin ya kutsa cikin itace, su kwatanta da bayanin saiwar falenofsis.

Kammalawa

Hausawa sun ce hali zanen dutse. An yi fiye da shekara ɗari ana barbarar falenofsis ana canja launinsa da girman furensa, amma saiwarsa da ganyensa suna nan yadda suke a dajin Jaba da Filifin. Mai reno da ya ba shi iska a saiwa, ruwa mai yawa sa'an nan bushewa, haske ba ƙuna, da 'yan makonni na sanyi, zai ga fure shekara bayan shekara. Ɗalibin kimiyyar halittu kuma zai ɗauki wata ƙa'ida da za ta yi masa amfani ga kowane tsiro ko dabba da aka raba da gidansu: kafin a tambayi abin da za a ba su, a fara tambayar inda suka fito da yadda suke rayuwa a can.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin zaman kauci da zaman falenofsis a kan itace?
2. Me ya sa saiwar falenofsis take komawa koriya idan ta jiƙe?
3. Bayyana yadda yawan ruwa zai sa ganye ya nuna alamar ƙishirwa.
4. Wace riba da wace hasara suke cikin buɗe ƙofofin ganye da dare?
5. Wani falenofsis ya shekara biyu a ɗakin da zafinsa ba ya sauka ƙasa da digiri 29, ganyensa lafiya lau amma bai yi fure ba. Wace shawara ta dace da mai shi?